The Master: Dodd mayaudari ne zalla, ko da gaske yake son Freddie?

Abban Hanifa:
Salam jama'ar gida. Akwai wanda ya kalli fim ɗin The Master na darakta Paul Thomas Anderson, wanda ya fito a 2012? Ina so mu tattauna shi don wlh ya tsaya min a rai, kuma wanda bai gani ba ya sani za mu tona labarin har ƙarshe. A gurguje, Joaquin Phoenix ne ya fito a Freddie Quell, sojan ruwan Amurka da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu kansa ba daidai ba, ga shaye-shaye, kuma ba ma giyar kwalba ba, da kansa yake haɗawa da duk abin da hannunsa ya kai, man makamin jirgin yaƙi, ruwan wanke hoto, tinar fenti. Ya samu aikin ɗaukar hoto a wani babban kanti ya shaƙe kwastoma, ya koma gonar kabeji a Kalifoniya wani dattijo ya sha haɗinsa ya kwanta rai a hannun Allah, leburori suka biyo shi ya ranta a na kare. A 1950 cikin maye ya faɗa wani jirgin ruwa da ake biki a cikinsa a San Francisco, ashe jirgin yana ɗauke da Lancaster Dodd, wato Philip Seymour Hoffman, shugaban wata ƙungiya mai suna The Cause da ke cewa ciwon mutum da damuwarsa sun samo asali ne daga wasu rayuwoyi da ya yi tun kafin a haife shi, kuma wai shi zai warkar da su ta hanyar yi wa mutum tambayoyi. Abin da nake tambaya shi ne, mutumin nan da gaske yake son Freddie ko kare ya samu na cizon masu sukarsa?

Ɗan Fagge:
Na kalla yaya, gsky ni ban ga abin da ake zuzutawa ba. Sama da awa biyu ba a je ko'ina ba. Freddie mashayi ne a farko mashayi ne a ƙarshe, Dodd maƙaryaci ne a farko kuma haka aka bar shi, asirinsa bai tonu ba, ba a hukunta shi ba, sai ma arziki da ya ƙara. To me aka koya min? Amsar tambayarka kuma a fili take, ɗan damfara ne kawai.

Maman Sadiq:
Kafin a yi nisa, don Allah a gaya wa mutane gaskiya, fim ɗin nan akwai tsiraici da maganganun batsa sosai, ba na kallo a falo da yara ba ne ko kusa. Wanda zai kalla ya san da haka. Zan dawo kan tambayar in na sauke girki.

Abban Hanifa:
Haka ne Maman Sadiq, an gode da tunatarwa. Ɗan Fagge kai kuma rashin canzawar da kake ƙorafi a kai ai ita ce maganar fim ɗin baki ɗaya. Koma ka sake kallon zaman da suka yi su biyu a cikin jirgi, inda Dodd ya ce masa zai yi masa tambayoyi ya amsa da sauri kuma kada ya ƙifta ido, in ya ƙifta a koma farko. Da farko Freddie wasa ya ɗauki abin yana ta dariya, Dodd ya yi ta maimaita masa tambaya ɗaya har sai da ƙaryar ta ƙare masa, sai ga shi yana faɗin abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ubansa giya ta kashe shi, uwarsa tana asibitin mahaukata, abin kunyar da ya faru tsakaninsa da gwaggonsa, da yarinyar nan Doris ta garin Lynn da ya ce mata zai dawo bai dawo ba. Jijiyoyin wuyansa sun tashi hawaye na zuba shi kuma ya ƙi ƙiftawa. To ka haɗa da farkon fim ɗin, inda likitocin soja suke nuna masa zanen tawada suna tambayarsa me ya gani, su aikinsu suke yi su sallame shi a kira na gaba. Dodd shi ne mutum na farko da ya zauna ya ji mafi munin abin da ke cikinsa, ya gama ji bai tashi ya gudu ba, sai ma ya yaba masa jarumta suka kunna sigari tare. Ni a ganina daga daren nan aka gama da Freddie. Ko kalma ɗaya ta aƙidar nan ban ga alamar ta shige shi ba, mutumin ya kama shi.

Ɗan Fagge:
To ai wannan shi ne aikin ɗan damfara yaya. Ya tatsi sirrinka ya riƙe ka da shi. Boka ma haka yake yi.

Malam Bazazzage:
Bari in sa baki da ɗan tarihi don a san inda labarin ya fito. Daraktan da kansa ya yarda cewa wani ɓangare na Dodd daga L. Ron Hubbard ya ɗauko shi, wanda ya kafa ƙungiyar addinin Scientology. Hubbard ya fitar da littafinsa Dianetics a 1950, shekarar da fim ɗin ya sa haɗuwar mutanen nan biyu, kuma shi ma hanyarsa ke nan, a zaunar da kai a yi ta maka tambayoyi har ka koma kan abin da ya taɓa cutar da kai. Ya zauna a Phoenix ta jihar Arizona, inda fim ɗin ya kai babban taronsu, daga baya a 1959 ya koma Ingila ya sayi wani katafaren gida, kamar yadda Dodd ya ƙare a Ingila. Amma kada a ɗauka tarihin Hubbard ne, Freddie ƙirƙirarre ne. Abin da ya sa irin wannan ta karɓu a lokacin kuwa, Amurka ta cika da mutanen da suka dawo daga yaƙi da matan da suka rasa mazaje da 'ya'ya, ga kuɗi sun fara yawa ga zukata a karye, duk wanda ya zo ya ce mutuwa ba ita ce ƙarshe ba kuma yana da hanyar kimiyya ta cire maka damuwa zai samu masu saurare, har da masu ilimi da masu hali. Ku lura gidajen da Dodd yake sauka duk na attajiran mata ne.

Nura Mai Kyamara:
Malam ya kawo magana. Ni ta fuskar sana'ata zan ce wani abu. Yawancin fim ɗin da kyamarar fim mai faɗin milimita 65 aka ɗauka, irin wadda aka saba ɗaukar yaƙi da sahara da manyan filaye da ita, shi kuma sai ya juya ta kan fuskokin mutane. Shi ya sa a zaman tambayoyin nan ba ka da wurin gudu, fuska ce ta cika allo. Sannan ku duba tsayuwar Joaquin Phoenix, ya rame ya ranƙwafa, hannu a ƙugu ta baya, baki a karkace yana magana ta gefe ɗaya, shi kuma Hoffman a cike, fuska ja, murya a natse. A bikin fina-finai na Venice na 2012 su biyun aka haɗa aka ba kyautar gwarzon jarumi, daraktan kuma ya samu tasa. Su biyun da Amy Adams, wadda ta fito a matar Dodd, duk an sa su a takarar Oscar amma ba wanda ya ci a cikinsu.

Ɗan Fagge:
Iya wasa kam ban musa ba Nura. Labarin ne ban gamsu da shi ba.

Maman Sadiq:
Na dawo. Ku duk kuna ta Dodd da Freddie kun manta da wadda ke riƙe da gidan. Peggy, matar Dodd, wadda Amy Adams ta fito, ita ce abin tsoro a fim ɗin nan wlh. Tana zaune da cikinta a gefe tana murmushi kamar ba ruwanta, amma bayan mutumin nan John More ya kunyata mijinta a New York wa ya ce daga yau ba kare kai za a tsaya yi ba, kai hari za a yi? Ita ce. Tana faɗa yana bugawa a tafireta. Ita ta hana shi shan haɗin Freddie, ita ta tashi Freddie cikin dare ta sa shi ya yi alkawarin barin giya, ita ce a teburin cin abinci ta ce yaron nan ko ɗan leƙen asiri ne ko kuma ba mai warkewa ba ne a rabu da shi. Dodd yana iya shan abin da aka haɗa da tinar fenti ya yi waƙa ya yi rawa, don a can ƙasan ransa shi ma irin Freddie ne, ya dai iya ado da magana. Ita kuwa ta yi imani da abin ɗari bisa ɗari kuma ta san rayuwarta da ta 'ya'yanta a kansa take. Saboda haka amsata ga Abban Hanifa, eh yana son sa, don Freddie ne kaɗai wanda yake sakewa a gabansa ba sai ya zama shugaba ba, kuma dalilin da ya sa Peggy ta tsane shi ke nan.

Malam Bazazzage:
Hajiya kin taɓo wani abu. Matar Hubbard ta gaske, Mary Sue, ita ce a 1979 kotun Amurka ta samu da laifi kan shirin da mutanen ƙungiyar suka yi na kutsawa ofisoshin gwamnati suna kwasar takardu, kuma ta yi zaman gidan yari. Shi mijin ba a ɗaure shi ba.

Maman Sadiq:
Ikon Allah. Ka ga ni ko wannan ban sani ba amma a fuskar matar nan na karanta.

Ɗan Fagge:
Anti ni fa kalmar so ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Wanda yake son ka zai sa ka yi ta zarya tsakanin bango da taga ido a rufe, kana taɓa katako kana faɗin abin da ka ji, tun safe har dare a gaban mutane suna kallonka? Zai zaunar da kai a gaban surukinsa yana zagin yarinyar da kake so, a ce in ka motsa a koma farko? Wannan horon dabba ne. Kuma da Freddie ya je ya lakaɗa wa John More duka, faɗan da Dodd ya yi masa na wasa ne, irin wanda ake yi wa yaro ya yi ɓarna ana dariya. Ya ji daɗi a ransa. A ɗakin 'yan sanda a Filadelfiya kuma, inda aka tsare su biyun, da Freddie yake fasa masai yana buga kansa da gado, me Dodd ya ce masa? Cewa ya yi ba wanda ke ƙaunarka sai ni. Duk wanda ya gaya maka haka ya gama raba ka da kowa ne.

Abban Hanifa:
Wannan maganar taka ta ƙarshe mai ƙarfi ce ƙanina, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, don abin da Dodd ya faɗa a ɗakin nan ba ƙarya ba ne. Wa Freddie yake da shi? Ba uwa ba uba ba aboki, gwamnatin da ta kai shi yaƙi ta sallame shi. Da ƙarya ce da Freddie ya yi dariya ya wuce. Ni abin da nake cewa son da cutarwar tare suke a wurin mutum ɗaya, kuma shi ya sa fita take wuya. Ka tuna da aka sako shi ya dawo gidan, rungume juna suka yi suna birgima a kan ciyawa kamar yara, matan gida na tsaye suna kallo rai a ɓace. Wannan ba wasan kwaikwayo Dodd yake yi ba, ba shi da ribar da zai ci a wurin, attajiran da ke ba shi kuɗi ma tsoron Freddie suke.

Ummi Damagaram:
Ina karantawa tun ɗazu ban so in yi magana ba amma abin ya taɓa ni. Yayana ya yi shekaru yana shan ƙwaya da maganin tari, a gida duk mun gaji, in ya shigo kowa sai ya kama kansa, ba mai tambayarsa komai sai ina ka kai kuɗin, ina ka kwana. Sai ya haɗu da wani mutum mai ba da magani da ke tara matasa a gidansa a bayan gari, ba zan faɗi ko wane ne ba. Mutumin nan yana zama da shi har tsakar dare yana jin labarinsa. Wlh cikin ɗan lokaci yayana ya rage sha, ya yi ƙiba, muka yi ta murna, amma kuma ya daina jin maganar kowa, in mahaifiyarmu ta ce wani abu sai ya ce sai ya tambayi mutumin, abin da yake samu a wurin aiki can yake kaiwa, ya fara cewa mu ne muka lalata shi. Ranar da suka ɓata da mutumin ya koma shan fiye da da. Da na ga Freddie yana dukan duk wanda ya soki Dodd alhali ko littafin bai fahimta ba, yayana na gani. Ba aƙida yake karewa ba, wurin zamansa yake karewa. Alhamdulillahi yanzu yana samun sauƙi a hannun likita, amma har yau in an ambaci mutumin nan sai idonsa ya kawo ruwa, bai taɓa zaginsa ba.

Maman Sadiq:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya ƙara masa lafiya ya tsare gaba, ya saka wa mahaifiyarku da alheri.

Malam Bazazzage:
Amin ya Allah. Sannu 'yata, kin yi ƙoƙari da kika faɗa.

Kawu na Ƙofar Mata:
Amin. Ni ban kalli fim ɗin ba kuma da wuya in kalla tunda an ce akwai tsiraici, amma abin da kuke faɗa ya tuna min da Maitatsine. Mu da muke Kano a Disambar 1980 mun ga abin da ya faru a 'Yan Awaki, sama da mutum 4,000 suka mutu, kuma bayan an kashe Muhammadu Marwa ɗin ma abin bai mutu ba, ya sake tashi a Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Yawancin waɗanda suka bi shi samari ne da suka shigo birni ba su da kowa, ya ba su wurin kwana da abinci ya ce musu su ne mutanen kirki sauran duk ɓatattu. Yaran nan ba wawaye ba ne, wasunsu mun san su a kasuwa.

Malam Bazazzage:
Kawu ta wajen yadda ake kama mabiyi akwai kama, amma a raba su. Dodd bai tara makami ba, bai kai kowa ga mutuwa ba, ba irin Jim Jones ba ne da mutum sama da 900 suka hallaka a sansaninsa a Guyana a 1978, ko gawarwakin mabiya da aka tono a dajin Shakahola na Kenya a 2023. Kuma ina ganin da gangan daraktan ya guji wannan. Da ya ƙare da gawarwaki da kowa ya tashi yana cewa ni ai ba zan taɓa bin irin wannan ba. Sai ya nuna maka mutum mai fara'a mai ban dariya mai karɓar baƙo, wanda kai ma za ka so ka ci abinci a teburinsa, ƙaryarsa kuma a hankali take fitowa. Ɗansa na cikinsa Val ya gaya wa Freddie cewa uban nasa ƙirƙirar abin yake yi yana tafe, amma a ƙarshe ga Val ɗin can a Ingila yana aiki a makarantar uban.

Nura Mai Kyamara:
Inda ƙaryar ta fi fitowa a wurina taron Phoenix ne da aka ƙaddamar da littafin Dodd na biyu. Helen, matar da ta sauke su a gidanta a Filadelfiya, wato Laura Dern, ta zo da ladabi ta ce ta ga an canza tambayar, da ana cewa mutum ya tuno rayuwarsa ta baya yanzu an ce ya ƙiyasta ta, to in ƙiyasi ne me ya rage na abin da suka yi shekaru suna yi? Sai ya daka mata tsawa. Mace ce da ta ba shi gidanta da imaninta fa. Sau biyu ke nan ana masa tambaya mai sauƙi yana fashewa, na farko John More da ya tambaye shi kan iƙirarin warkar da sankarar jini. A taron nan kuma wani tsohon mabiyi ya ce wa Freddie littafin shirme ne da an taƙaita shi ya zama 'yar takarda, Freddie ya fitar da shi waje ya mare shi, sannan ya zauna ya dafe kai. Ni a nan na ga ya gane.

Ɗan Fagge:
To in ya gane me ya kai shi Ingila kuma? Ya hau babur a sahara Dodd ya ce ya zaɓi wuri ya nufa, ya tafi bai waiwayo ba, na ce madalla ya tsira. Sai kuma ga shi ya tsallaka teku ya koma wurinsa.

Abban Hanifa:
Saboda da ya tsira ina ya je? Lynn ya tafi neman Doris, uwarta ta ce masa ta yi aure har da 'ya'ya, shekaru sun wuce. Ƙofa ɗaya da yake ganin ta rage masa a duniya ta rufe. Wa ya saura? Kuma ka duba abin da ya tarar, ƙaton ofis, Dodd a bayan tebur, Peggy a gefe ta kalle shi ta ce wannan ba ya son ya warke ta tashi ta fita. Dodd ya ba shi zaɓi, ko ya zauna gaba ɗaya ko ya tafi kada ya sake dawowa, ya ce masa in har ya gano yadda mutum zai rayu ba ya bauta wa wani shugaba to ya zo ya gaya musu don shi ne zai zama na farko, sannan ya rera masa waƙar soyayya Freddie na hawaye. Mayaudarin da ya gama cin moriyarka ba ya maka haka, korarka yake a ƙofa. Hoffman ya rasu a Fabrairun 2014 yana da shekara 46 sanadin ƙwaya, shi da ya fito a mai warkar da mashayi, in na tuna sai sin ɗin nan ya ƙara min nauyi.

Maman Sadiq:
Ni kuma ina ganin Freddie ya fita da wani abu ko da kaɗan ne. Wannan karon da ƙafarsa ya tafi ba kora ba, bai fasa komai ba bai daki kowa ba. A farkon fim ɗin ko minti biyar ba ya iya yi da mutum lafiya.

Ɗan Fagge:
Anti daga nan mashaya ya nufa fa. Ya samu wata mata yana yi mata tambayoyin Dodd ɗin nan na kada ki ƙifta ido yana dariya. Wannan shi ne warkewar?

Ummi Damagaram:
Ba warkewa ba ce yaya, kuma ni shi ya sa na yarda da fim ɗin. Da sun nuna ya warke da na ce ƙarya suke, don na ga yadda abin yake, mutum ba ya tashi daga shekarun shaye-shaye da ciwon yaƙi don wani ya sa shi taɓa bango. Likitan yayana ya gaya mana tun ranar farko cewa zai iya komawa sau da yawa kafin ya tsaya, kuma kada mu daina zama da shi ko ya koma. Mutumin can na bayan gari cewa ya yi cikin kwana kaɗan zai raba shi da abin har abada.

Nura Mai Kyamara:
Akwai abin da nake so a warware min kafin a watse. Wayar da aka kawo wa Freddie yana barci a sinima, Dodd na kiransa daga Ingila yana cewa ya zo ya taho masa da sigari, ni mafarki na ɗauke ta, don ta yaya zai san sinimar da yake a duk faɗin Amurka, kuma Freddie da bakinsa ya ce mafarki ya yi da ya isa. In haka ne Dodd bai taɓa nemansa ba ke nan, shi ya kai kansa. Abban Hanifa wannan bai rage ƙarfin maganarka ta so ba?

Abban Hanifa:
Mafarki ne Nura, ban ja ba. Amma a wayar an ce masa Dodd ya tuno inda suka fara haɗuwa, da ya isa kuma Dodd ya kawo labarin da kansa, wai a wata rayuwa can baya sun yi aiki tare a Paris lokacin da sojojin Prussia, wato Jamusawa, suka kewaye birnin, suna aika wasiƙu ta balan-balan. Tun ranar farko a jirgi yake cewa ya san fuskar nan, ashe duk tsawon rabuwarsu yana ta juya abin a ransa har ya ƙirƙiro musu tarihi. Wanda bai damu da kai ba ba zai ɓata wannan lokacin ba. Ɗan Fagge ka sake kallon daga taron Phoenix zuwa ƙarshe kawai, ka sa ido kan fuskar Dodd lokacin da babur ɗin ya yi nisa yana ƙwala masa kira, sai mu ci gaba gobe in Allah ya kai mu.

Ɗan Fagge:
Zan kalla yaya. Amma ko na ga ya damu, ni ba zan kira shi so ba tunda sharaɗinsa shi ne ka miƙa wuya ko ka zama maƙiyi. Allah ya kai mu.